Kafin ka biya kuɗin Core i7, karanta lambar da ke bayanta

Ranar Asabar da ta wuce ɗan yayata ya ja ni wani shago a wajen Wunti, nan Bauchi, wai in zo in sa albarka a kwamfutar tafi-da-gidanka da zai saya. Ba shawara ya kira ni in bayar ba, don ya riga ya gama ciniki a ransa. Mai shago ya buɗe ta a kan kanta, siririya, ruwan azurfa, ga ɗan tambarin Core i7 manne a gefen kibod. Yaron sai shafa tambarin yake da ɗan yatsa yana cewa, "Kawu, i7 ce fa, RAM giga 8, girafik giga 4. Ƙwallo za ta ɗauka ba gardama." Na jawo ta gabana na duba bayanan cikinta, sai na ga firosesarta, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, i7-6600U ce. Gabana ya faɗi, domin ramin nan na san zurfinsa.

A ƙarshen 2016, lokacin da FIFA 17 ta fito, na zuba kuɗin da na daɗe ina tarawa a kan wata ta hannu mai i7-4600U. Abin da na sani a lokacin bai wuce cewa bakwai ta fi biyar, biyar ta fi uku ba. Ban san cewa i7 sunan gida ne kawai, kuma ainihin labarin yana cikin lambar da ke biye ba. Lambar farko (ko biyun farko daga zubi na 10) ita ce zubin, abin da masu shago ke kira "jen". Wato 4600U zubi na 4 ne, na 2013; 6600U da yaron nan ya so ɗauka zubi na 6 ne, na 2015. Harafin ƙarshe kuwa shi ya fi komai. U na nufin firosesar da aka ƙera don ta riƙa tsimin batir a ofis, wat 15 take ci, kuma duk waɗannan biyun ƙwaya biyu kacal gare su a ciki, wato sassan da ke raba aikin a tsakaninsu. Masu H ko HQ su ne na aiki mai nauyi, yawanci wat 45, ƙwaya huɗu ko fiye. Shi ya sa i5-8250U ta 2017, mai ƙwaya huɗu, take barin waccan i7 ɗin a baya, ga ta kuma da suna i5.

Wani lokaci ina ba kaina uzuri. Wa zan tambaya a lokacin? Data tana da tsada, bayanan duk da Turanci suke, mai shagon kuma ya rantse mini cewa babu gem ɗin da zai gagare ta. Amma gaskiya uzurin ba ya tsayawa da ƙafarsa. Akwai wani mai gyara, dattijo, da ya ce mini, "Ɗana, wannan ta rubutu ce, ba ta wasa ba." Na ɗauka so yake ya sayar mini da tasa. Kwamfutar ba ta da laifi ko kaɗan, aikin da aka yi ta dominsa tana yin sa tsaf. Ni ne na ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Sai maganar girafik, wadda har gobe da ita ake yanka yara. Kwamfuta iri biyu ce. Akwai mai katin girafik na daban, irin NVIDIA GTX, da ma'ajiyarsa ta kansa. Akwai kuma wadda girafik ɗinta yake cikin firosesa, irin Intel HD 4400 da tawa take da shi, ko HD 520 na wadda muka gani a Wunti. Wannan na biyun ba shi da ma'ajiyar kansa ta kirki, aro yake daga RAM, kuma Windows tana ba shi damar aro har kusan rabi. To idan RAM giga 8 ne, za ka ga an rubuta kusan giga 4 a wurin abin da ake rabawa. Wannan lambar mai shago yake nuna maka ya ce "girafik giga 4". Bai ƙirƙiro ta ba, tana nan a sikirin, sai dai ba abin da kake nema ba ne. Wasu ma ba yaudara suke ba, su kansu haka suka ɗauka. Ni da na kunna GTA V a tawa, na sauke komai ƙasa, na mayar da sikirin 720, amma mota tana tafiya tana tsayawa kamar mai ɗingishi. Wasan da ake so ya riƙa nuna hoto 30 zuwa 60 a daƙiƙa, nawa ko 20 ba ya riƙewa.

Da na tsaya a nan na sayar da ita, da asarar ta zo da sauƙi. Sai na shiga binne kuɗi. Na sayi faifan nan mai fanka da ake ɗora kwamfuta a kai. Na sauke manhajojin da ake cewa suna ƙara wa gem gudu, waɗanda ba abin da suka ƙara sai tallace-tallace da nauyi. Na kai ta aka zuba mini fasassun gem daga faifan wani shago, suka zo da ƙwayar cutar da take sa firosesa aiki ko ban taɓa komai ba. Abu biyu ne kawai ba na nadamarsu. Na ƙara RAM ya zama sanda biyu masu giga 4 maimakon ɗaya, kuma wannan yana taimaka wa girafik ɗin cikin firosesa sosai, don hanyar ɗibar bayanai ta zama biyu. Na kuma cire faifan HDD mai juyawa na sa SSD, kwamfutar ta koma tashi cikin daƙiƙu. Amma SSD saurin buɗewa yake ƙarawa, ba ya ƙara ko hoto ɗaya a cikin wasa. Na san haka bayan na biya.

Zafi kuwa ni na jawo shi da hannuna. A kan katifa nake wasa, a watan Maris da Afrilu na Bauchi, lokacin da ko bango ka taɓa da daddare ɗumi yake. Kwamfutar nan ta ƙasa take shaƙar iska ta fitar ta gefe, katifa kuwa toshe ramukan take. Ƙurar hunturu ta riga ta shiga tun Disamba, ta haɗu da zaren bargo, ta zama wani abu kamar auduga a tsakanin fanka da siraran haƙoran ƙarfen da iska ke bi. Fanka tana ihu, iska ba ta fita. Idan firosesa ta doshi digiri 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, shi ya sa wasa yake tafiya lafiya minti goma na farko, daga nan ya fara sarƙewa. Maimakon in buɗe ta, sai na kai wa mai faci ya hura mata iskar taya ta ramin gefe. Iskar ta tura ƙurar ciki, ta juya fankar da gudun da ya fi ƙarfinta, daga ranar ta fara ƙara kamar injin markaɗe. Iskar mai faci ma tana zuwa da danshi, abin da madabod, wato babban allon da kayan cikin kwamfuta suke manne a kai, ba ya so.

Yadda ake yi daidai ba wuya. A kashe, a cire caja, a kwance bayan, a fara zare wayar batir daga madabod kafin a taɓa komai. A danne fankar da yatsa kada ta juya, a cire audugar ƙurar da burushi mai laushi, a hura daga ciki zuwa waje. Idan kwamfutar ta shekara biyu ko uku ba a taɓa ta ba, a ɗaga bututun jan ƙarfen da ke janye zafi daga firosesa, a goge busasshen man da ke kan firosesa da sifirit mai kyau, a ɗiga sabo kamar ƙwayar dawa, a mayar da sukurorin bisa lambobin da aka rubuta a jikinsu, kaɗan-kaɗan, ba a ɗaure ɗaya tamau a bar saura ba. A garinmu sau ɗaya a shekara ne mafi ƙaranci, kuma lokacinsa ƙarshen Fabrairu, bayan ƙura ta lafa, kafin zafi ya kankama.

Abin da ya ƙarasa ta caja ce. Ta asalin ta lalace, na sayi mai araha, marar nauyi kamar ba komai a cikinta. Alamar ta nuna tun ranar farko: da na sa caja sai kibiyar sikirin ta riƙa tsalle da kanta. Na share. Wata rana da damina ina jone da ƙaramin janareta, mai ya kusa ƙarewa, injin ya fara sama da ƙasa, ƙwan ɗaki ya yi haske ya dushe, sikirin ya mutu. Ɓangaren karɓar wuta na madabod ya ƙone. A nan ma nakan ce wutar garin ce ta jefa ni ga janareta, kuma haka ne, amma ba wutar gari ce ta zaɓar mini caja ba.

Na zauna rubutun nan da niyyar kawo shawara goma sha. Da na tuna yadda yaron nan yake latsa waya ina masa bayani, sai na ga ɓata baki ne. Yaran yanzu kuna da abin da ba mu samu ba: lambar firosesa kawai za ka rubuta a Google, shekararta da ƙwayoyinta su fito cikin minti ɗaya. Amma za ku kwana kuna kallon bidiyon wani a Amurka da kwamfuta mai fitilu kala-kala, ba za ku iya karanta layi biyu a kan abin da za ku zuba kuɗin iyayenku a kai ba. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

To ga abin da ya rage. Kada ka yi cinikin biri a sama. Zauna a shagon, ka buɗe Task Manager, ka shiga Performance, ka duba GPU, wato girafik. Idan sunan Intel kaɗai ka gani, ba ta gem ba ce, ko me tambarin ya ce. Idan akwai NVIDIA, duba lambarsa da ma'ajiyar da take tasa ta kansa, ba ta aro ba. 940MX da MX150 katin daban ne, amma ƙarfinsu kaɗan ne. FIFA 23 da FC 24 (FC shi ne sabon sunan FIFA) mafi ƙarancin abin da suke nema GTX 1050 Ti ne, RAM giga 8, da fili giga 100. Don haka ƙasa da GTX 1050 Ti ko GTX 1650 kada ka tsaya, firosesa kuma mai H, zubi na 8 zuwa sama. Zubi na 8 ɗin yana da wani dalili: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga zubi na 8 take farawa. Ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, ka kwatanta ƙarfin batir na asali da abin da yake ɗauka yanzu; in ya faɗi ƙasa da rabi, sa kuɗin sabon batir a lissafi. Ka shafa wurin linzamin yatsa, in ya tasa sama, batir ya kumbura a ƙasa. Ka shiga BIOS, shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka tabbata ba a kulle shi da kalmar sirri ba. Sannan ka kunna gem ɗin da kake so, ka yi minti 20 cur, ba biyu ba, don zafi ba ya nuna kansa da wuri. Mai shagon da ya hana ka wannan, yi masa sallama.

Juya cajar ka karanta. Ninka bolt da amfiya: 19.5 sau 3.33 wat 65 ke nan, ta kwamfutar ofis. Ta gem tana neman 120 zuwa 180 ko fiye, misali 19.5 sau 7.7, wato 150. In aka haɗa ka da ƙarama, batir zai riƙa sauka kana jone. Caja ta asali tana karɓar bolt 100 zuwa 240, saboda haka ƙarancin wuta bai cika damunta ba, bugun wuta ne maƙiyinta. Bari janareta ya daidaita kafin ka jona, ka zare kafin a kashe shi, in hadari ya haɗo ana tsawa kuma ka cire gaba ɗaya.

In kuwa ƙwallo kawai kake so, ka bar kwamfuta ka sayi PlayStation 4 (PS4) ta hannu. Tun 2013 take, amma FC 24 da FC 25 duk sun fito a kanta, babu ruwanka da lambar firosesa, kuma ta fi kwamfutar gem araha nesa. Sai dai ina faɗa ina jin nauyi, domin PS4 ba ta da batir, ana ɗauke wuta ta mutu nan take, yawan haka kuma yana lalata faifanta, ga talabijin da za ka ciyar da wuta. GTA VI ma da kuke ta zumuɗi ba a sanar da ita a PS4 ba, sai PS5 da Xbox Series. Kuma ɗalibin da zai shiga jami'ar ATBU ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji kwamfuta yake buƙata, ba PS4 ba. Shi kam in ce ya sayi ta ofis mai i5 zubi na 8 da SSD, mai riƙe caji, ya yi karatunsa, in ƙwallo ta motsa masa ya je gidan gem ya biya na awa ɗaya. Na san yanzu na gama cewa kada a sayi ta ofis. Kada a saye ta da sunan gem nake nufi.

Ɗan yayata bai sayi waccan ba, amma ba don ya gamsu ba. Na sa mai shago ya kunna masa FC 24 a kanta, ta tsaya a baƙin sikirin, fanka tana kuka, har muka gaji da jira. A hanyar gida bai ce mini uffan ba sai da muka kusa Yelwa, ya ce abokinsa yana da wata i7 ɗin da zai sayar. Na ce ya turo mini cikakkiyar lambar firosesar har da harafin ƙarshe, da hoton shafin GPU, da hoton bayan cajar. Yau kwana huɗu, hoton tambarin kawai ya turo.