Neman masauki a Akra, daga Nima zuwa Kanda

A danginmu, mutum ya je garin da yake da ɗan'uwa ya sauka a otal, abin magana ne. Za a ce ya yi kuɗi ya fara gudun dangi. Shi ya sa da aka sa ranar auren jikar Kawu a Akra, babban birnin Ghana, aka ce ni zan wakilci mutanen Gombe, Goggo ta kira ni har ɗakinta a Jekadafari ta ja mini kunne: "Kada in ji an ce ka kwana a gidan haya, alhali ƙanina yana da rai a garin." Na ce to, don ba a musu da Goggo.

Kawu ya bar gida tun yana saurayi, ya bi fatake, ya yi aure a Nima, wata unguwar zango a Akra, ya hayayyafa a can. An so a yi bikin tun watan Mayu, sai aka ɗaga zuwa ƙarshen Yuni, saboda kowace shekara sarakunan ƙabilar Ga, masu garin, kan hana kiɗa da hayaniya na tsawon kusan wata guda kafin bikinsu na Homowo, dokar kuma ba ta ware baƙo. Matan gidan suka ce su ba za su aurar da yarinya shiru kamar gidan makoki ba. Ɗagawar nan ce ta jefa tafiyata cikin tsakiyar daminarsu.

Hanya ba ta da wani dogon labari. Na tashi daga filin jirgin Lawanti zuwa Abuja, daga can sai Akra. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza saboda yarjejeniyar ECOWAS, amma sai da suka duba katin rigakafin shawara kafin in wuce. Na mayar da agogona baya da awa ɗaya. Ina fita daga sanyin na'urar filin jirgi na gane irin zafin da na zo. Namu na Gombe a watan Afrilu ya fi shi ƙuna nesa ba kusa ba, sai dai namu busasshe ne, ka samu inuwar darbejiya ka huta. Nasu laima ce ta teku, kamar an lulluɓe ka da jiƙaƙƙen bargo, gumi yana fita amma ba ya bushewa. Wanda bai kwana a irin wannan iska ba ba zai gane dalilin da ya sa taga da fanka suka fi katifa muhimmanci a ɗakin Akra ba.

Filin jirgin a cikin gari yake, don haka ba a jima ba ɗan Kawu ya shigo da ni Nima. Ga masu tsire, ga masu koko da ƙosai, ga shagunan canjin kuɗi, ga kiran salla ta ko'ina, kuma duk inda ka juya Hausa ake yi, irin tasu mai ɗan karkata, wadda Dagomba da Zabarmawa da Mosi da Fulani duk suka haɗu a kanta. Zangon nan tsohon abu ne. Kakanninmu sun yi ta zuwa Gwanja da Salaga fataucin goro tun kafin zuwan Turawa, wasu kuma Ingilishi ne suka kawo su aikin soja da ɗan sanda. Bayan an mayar da hedikwatar mulki Akra a 1877, sai zangunan suka yi ta yaɗo, har Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. A wancan zamanin baƙo ba ya neman masauki da kansa. Fatoma ne ke karɓarsa, ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya ci ladarsa. Jinin wannan al'ada ne har yau yake sa dattijo irin Kawu ya ji kunya idan baƙonsa ya kwana a waje.

Daren farko a gidansa na yi, kuma an karrama ni iyakar karramawa. Sai dai gidan biki ne. 'Yan'uwa sun zo daga Kumasi, sun zo daga Tamale, mata sun cika kowane ɗaki, samari sun baje tabarmi a tsakar gida. Ni aka ba ɗakin Kawu, shi da yake fama da ciwon ƙafa ya koma zaure. Da asuba na ga yara suna jido ruwa a jarkoki daga wajen mai sayarwa, kuma bokitin farko ni aka kawo wa. Abin ya tsaya mini a rai.

Bayan mun karya na durƙusa na ce, "Kawu, ina neman alfarma. Ka bar ni in nemi ɗan wuri nan kusa in riƙa kwana. Wuni a nan, ci a nan."

Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Yayata za ta ce na kore ka."

"Ni zan yi mata bayani, Kawu."

"To, amma kada ka wuce inda za ka iya takowa da ƙafa ka same mu sallar Asuba."

Wannan sharaɗi na ɗauka rigimar tsufa ce kawai. Daga baya na ga ya fi duk shawarar da na samu a intanet amfani.

Duk da haka sai da na sa ɗan Kawu ya zaga da ni, don mutumin da ya taso inda babban ruwansa shi ne dam ɗin Dadin Kowa ba zai zo bakin teku ya ƙi leƙawa ba. Labadi akwai kyau, iska tana kaɗawa, manyan otal-otal sun jeru. Kuɗinsu na masu zuwa hutu daga Turai da Amurka ne, ƙananan da ke bayansu kuma gishirin teku ya ci ƙarfen tagoginsu, zanen gado kullum da ɗan damshi. Osu kuwa unguwar dare ce. Babban titinta cike yake da gidajen abinci da mashaya, kiɗa har goshin Asuba a ƙarshen mako. Matashin da ya zo yawon buɗe ido zai ji daɗinta, ni dai da shekaruna da gemuna ban ga abin da zan tsinta a can ba. Gabashin Legon da unguwar da ke jikin filin jirgi shiru ne da tsabta, gidaje masu katanga da masu gadi, amma wurare da dama da dala suke faɗin farashi, sai ka lissafa a sidi, kuɗin Ghana, ka sake lissafawa a naira, ka yi salati ka fito.

Madina ta ɗan ja hankalina. Akwai babban zango, akwai kasuwa, ɗakuna da sauƙi, kuma tana kusa da Jami'ar Ghana da ke Legon, wadda aka kafa a 1948. Wanda ya kawo yaro karatu ko ya zo taro a jami'ar, nan ya dace da shi. Matsalarta hanya. Duk mai shiga tsakiyar gari daga can sai ya bi ta gadar Tetteh Quarshie ya gangaro asibitin sojoji na 37, da safe kuwa motoci a tsaye suke cak. A taswirar waya wuri yana kusa, a cikin turoturo, ƙananan bas ɗinsu na haya, sai ka yi gyangyaɗi ka farka ba ku kai ba. A Akra da awa ake auna nisa.

Inda na fi daɗewa ina shawara shi ne kewayen shataletalen Kwame Nkrumah da Adabraka. A nan 'yan kasuwarmu da yawa ke sauka, kuma suna da hujja: ɗaki da araha, tashoshin mota na kowane gari suna nan, kasuwar Makola ba nisa. Mun shiga wani gidan baƙi mai tsabta, farashin ya yi mini, har na fara laluben aljihu. Sai idona ya kai kan katangar waje, na ga layi a miƙe daidai ƙugu, fentin ƙasansa sabo, na samansa tsoho. Duk wanda ya zauna kusa da kwari a Gombe ya san wannan layi, shaidar inda ruwa ya tsaya ce. Kogin Odaw ta nan yake ratsawa kafin ya faɗa tafkin Korle, magudanun sun toshe da robobi, ruwan sama ɗaya mai ƙarfi ya isa ya mayar da titi kogi. A ranar 3 ga Yuni 2015 ambaliya ta haɗu da gobara a wani gidan mai da ke wannan shataletale, inda mutane suka fake wa ruwa, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙan musulmin cikinsu. Da rani zan iya sauka a unguwar, a bene na sama. A watan Yuni kam na haƙura.

A ƙarshe a gefen Kanda na samu wuri, wani gidan baƙi ƙarami a kan ɗan tudu, na wata dattijuwa Kirista mai fara'a. Kafin in biya na yi mata tambayoyin da ɗan Kawu ya koya mini a hanya. Akwai tankin ruwa? Domin famfon Akra ba kullum yake zuwa ba, shi ya sa kusan kowane rufi da baƙar tankinsa. In an ɗauke wuta akwai janareta, kuma yana ɗaukar fanka har safe? Na duba wayar sauro a tagogi da hannuna, na buɗe famfo na gani da idona, na leƙa ta baya ko akwai coci mai kwanan addu'a da lasifika ko gidan rawa jikin katanga. Ta yi dariya ta ce 'yan Najeriya akwai bincike. Kuɗin ta waya ta fi so a tura mata, kamar yadda kusan kowa ke yi a can, don haka na ba ɗan Kawu takardun sidi ya tura daga layinsa.

Daga ƙofar gidan ana hango hasumiyoyi huɗu na Babban Masallacin Ƙasa, wanda Turkawa suka gina da fasalin masallatan Istanbul aka buɗe a 2021. Can na yi Juma'a. Mutanen zango suna ji da masallacin, kamar yadda suke ji da Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda a 2019, yana cika shekara 100, ya je cocin Katolika ranar Ista ya zauna da su. Mai gidan baƙina da kanta ta kawo mini wannan labari, tana faɗa da alfahari.

Sauran kwanakin sun tafi yadda Kawu ya tsara. Da duhun Asuba in tako zuwa Nima, mu yi salla, a kawo koko mai yaji da citta, da rana wake da shinkafa ko tuwo da miyar ayoyo. Ranar da babu hidima na hau turoturo zuwa Makola na yi wa Goggo da matan gida tsaraba, na biya ta makwancin Nkrumah, a filin da ya yi shelar 'yancin kai a Maris 1957. An yi ruwa mai ƙarfi daren kai amarya, na koma ɗakina da takalmi a hannu, amma ruwan gangarawa ya yi ya wuce.

Yayana yana shirin zuwa da iyalinsa a Disamba, ya ce in riƙe masa lambar dattijuwar. Na gaya masa ya kama ɗaki tun da wuri, domin tun daga 2019, da Ghana ta gayyaci jikokin bayin da aka kwashe zuwa Amurka su dawo ziyara, watan Disamba ya zama lokacin da garin ke cika da baƙi, farashin masauki ya yi sama. Shi ba ruwansa da ambaliya a lokacin, hunturu ne. Goggo kuwa har yanzu ba ta gama yafe mini ba, ko da yake Kawu ya kira ta da kansa ya shaida mata ban taɓa rasa jam'in Asuba ba.