Talata a Agege: ranar da kan mashin ya ƙi zama

Yau rabin yini a garejin Baba na yi shi. Kuɗin da na fita nema ban samo ba, na ma taɓa na ajiya, amma ban ji haushi ba ko kaɗan.

Kwanan nan mashin ɗina ya koyi wata ɗabi'a. Idan na ja wuta ina tafiya lafiya lau yake. Da zarar na saki wuta, gudu ya fara sauka daga 60 zuwa wajen 40, sai hannun ya shiga kaɗawa hagu da dama, ƙanana-ƙanana, musamman idan na sassauta riƙo ko na ɗaga hannu ɗaya zan gyara hula. Da safen nan na ɗauko wa wata Hajiya buhun albasa da na wake daga kasuwar Ile-Epo za mu shiga cikin Agege ta lunguna. A wata gangara tayar gaba ta daki bakin rami, kan ya kama rawa sosai har madubi na karkarwa. A irin wannan hali ba a damƙe birkin gaba, wanda ya damƙe ƙasa zai sha. Na matse tanki da gwiwoyi, na rusuna gaba don nauyina ya hau tayar, na bar wutar ta sauka a hankali, na ɗan taɓa birkin baya. Ya lafa. Hajiya tana bayanmu a Keke Marwa, wato a-daidaita-sahu, ba ta ma san abin da ya faru ba. Na sauke mata kaya a ƙofar gida, na ce yau aiki ya ƙare.

Na fara tsayawa wajen mai faci, domin abu mafi arha shi ake fara dubawa. Tayar gaba ta Boxer ba ta son iska ta wuce kima, wajen 25 ake so, amma masu faci da yawa a garin nan da babban yatsa suke awo, su dura maka 40 su ce ta yi. Iska ta yi yawa, taya ta riƙa tsalle a kan kwalta. Ta yi kaɗan, ta riƙa lanƙwasa tana jan kai. Na sa ya kawo ma'auni, muka daidaita. Na zaga layin, rawar tana nan.

A bakin inuwar da muke tsayawa, yaran namu kowa da fatawarsa. Wani ya ce shoka ce. Wani ya ce in sayar kawai. Mafi yawansu maganarsu ɗaya: a ɗaure wuya. Wato a sa sifana a ƙara matse notin da ke ƙarƙashin hannu har kan ya yi tauri. Wannan shawara ta yi yawa a tsakaninmu kuma ita ce ke kashe mashina. Gaskiya ne idan ka matse rawar tana ɓuya na ɗan lokaci, saboda kan ya yi nauyi ba ya iya kaɗawa. Amma abin da ke sa shi rawar yana nan, ka kuma ƙara masa wata cutar.

Baba mutumin Sakkwato ne, ya daɗe a Legas har Yarbanci ya zauna a bakinsa. Na gaishe shi, na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Bai taɓa sifana ba tukuna. Ya ce, "Ɗana, da kaya take yi ko ba kaya? Kana jan wuta ko kana saki?" Na ba shi amsa. Ya gyaɗa kai, ya sa yaronsa ya ɗora mashin a kan sitan na tsakiya ya zauna a kariya, ƙarfen baya da ake ɗaure kaya, tayar gaba ta tashi sama.

Ya fara da tayar. Ya shafa tafin hannunsa a kanta gaba da baya, yana neman inda ta ci tudu da kwari, don tayar da ta ci haka ita kaɗai ta isa ta sa kai rawa. Ya duba siririn layin nan da ke zagaye da bakin taya kusa da rim, ko ya fito daidai ko'ina, domin idan taya ba ta zauna sosai ba wani gefen yakan nutse. Ya kama sukudireba ya jingina a jikin shoka, bakinta na kusan taɓa rim, ya juya ƙafar. Rim ɗin ya ɗan matso ya koma, kaɗan ne ƙwarai. Ya bi wayoyin rim da sifana yana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Mai ƙarfi tana ƙara tas, wadda ta saki kuwa sai ka ji ɗif. Ya samu 'yan kaɗan da suka saki, ya ce za a ɗaure, amma ba su ne masu laifin ba. Ya riƙe tayar sama da ƙasa ya girgiza ta gefe da gefe don jin boris ɗin ƙafa. Shiru. Ya leƙa sandunan shoka ko wani na zubar da mai, tunda idan ɗaya ya bushe ɗaya na da mai, ba za su riƙa nutsewa tare ba. Duka lafiya suke, ba yoyo.

Har baya ya koma, abin da yaran inuwa ba sa yi. Ya girgiza tayar baya don jin bushin da ke riƙe da ƙafar, ya duba zanen da ke jikin abin jan sarƙa ko hagu da dama sun zo daidai. Ya ce sau da yawa ciwon yana baya, kukan ne ke fitowa a gaba.

Sannan ya zo kan wuya. Ya durƙusa ya kama ƙasan shoka biyu ya ja gaba ya tura baya. Ba ƙara. Ya miƙe ya sa yatsa ɗaya a ƙarshen hannu, ya tura shi a hankali daga hagu zuwa dama. Da ya zo tsakiya sai kan ya tsaya cak, kamar ƙofar da ta faɗa cikin sakata, sai an ɗan ƙara ƙarfi ya wuce. Ya ce, "Zo ka ji da hannunka." Na taɓa, na ji shi sarai. Ya ce wanda ya riƙe mashin ɗin kafin ni ya sha ɗaure wuyan nan.

Da aka kwance na ga abin da idona. Giris ɗin ya zama laka ja, ruwan damina ya shiga ya haɗu da tsatsa. A cikin kofin ƙarfen da ƙwallayen boris ke zama, kowane ƙwallo ya haƙa ɗan gurbinsa, jere reras a zagaye. Baba ya yi min bayani yana gogewa da tsumma. Boris ɗin wuya ba ya juyawa kamar na ƙafa, kusan kullum a wuri ɗaya yake tunda mashin miƙe yake tafiya. Duk ramin da ka faɗa, ƙwallayen nan wuri ɗaya suke duka. Idan an matse noti fiye da kima, dukan ya fi shiga. Shi kuwa mashin, tsayuwarsa a kan ƙafa biyu ta dogara ne da 'yan ƙananan gyare-gyaren da kan ke yi da kansa ba tare da ka sani ba. Idan gurbi ya riƙe shi, sai ya maƙale, ya ƙwace da ƙarfi, ya zarce, ya dawo. Ka ɗora buhu biyu can ƙarshen kariya, gaba ya yi sakayau, to ba abin da zai danne shi.

Na bi yaron shago muka sayo sabon saiti. Akwai mai arha akwai mai tsada, a kwali kusan iri ɗaya. Baba ya riga ya gargaɗe ni cewa mai arhar ƙarfensa taushi gare shi, kafin wata damina ya lotsa. Na cije na sayi mai tsadar. Tun da gwamnatin Sanwo-Olu ta jihar Legas ta hana acaɓa a Ikeja, Surulere, Apapa da sauransu a watan Yunin 2022, ta ƙara da Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe a Satumba, aikinmu ya koma cikin unguwanni, inda titin ya fi lalacewa. Mashin da ke yini a irin hanyoyin Ayobo da bayan Abule Egba ba a yi masa rowar boris.

Saka shi ma da ƙa'ida. Tsohon kofi ana fitar da shi da dogon ƙarfe, a buga nan a buga can don kada ya fito a karkace. Sabo a shigar da shi a miƙe har ƙarar gudumar ta canza, alamar ya zauna. Ya cika giris ya jera ƙwallayen a ciki, giris ɗin ne ke riƙe su kada su zube. Ya ɗaure notin har ya kama sosai don komai ya zauna, sannan ya sassauta, ya sake matsawa kaɗan-kaɗan. Awonsa shi ne, idan ka ɗan ture hannun daga tsakiya ya faɗi gefe da nauyinsa, kuma idan ka ja shoka ba ka ji ƙwas ba. Bayan ya ɗaure babban notin sama ya sake gwadawa, don shi ma yana ƙara matsewa. Ya duba wayar kuloci da ta birki kada su riƙe kan su ruɗe mu.

Muka yi sallar La'asar, yaron ya ɗaure wayoyin rim, na fita gwaji wajen Pen Cinema ta ƙasan gada. Na kai 60 na saki wuta na sassauta hannu. Kan ya tsaya. Abin da ya ba ni mamaki ma shi ne wajen shan kwana, mashin ɗin yana shiga da kansa, ashe da can kokawa nake yi da shi.

Baba ya ce in dawo bayan mako guda a sake taɓa notin, sabon boris yakan ɗan saki idan ya gama zama. Ya kuma ce buhu mai nauyi in riƙa jawo shi kan kujera kusa da bayana, mai sauƙi ya koma kariya. Tayar gaba ta kusa ƙarewa, ya ba ta zuwa ƙarshen wata. Gobe da asuba akwai kayan wani Alhaji a Ile-Epo, doya ce.