Daƙiƙa sittin da takwas

Hazo ya sauko sosai yau, daga kan gadar Kawo da kyar ake hango motar gaba. Na shiga ofis tara saura, ko jaka ban ajiye ba Hajiyar akawu ta tare ni wai an hana ta shiga manhajar ofis. Lambobi shidan nan da ke canzawa a waya duk bayan daƙiƙa 30, sau biyar tana sakawa, sau biyar ana ce mata ba daidai ba.

Take raina ya ba ni agogo ne. Waya da lokacinta take lissafa lambar, sabar, wato babbar kwamfutar da manhajar ke kanta, ita ma da nata lokacin take lissafawa, in suka saɓa ya yi yawa to ba za su taɓa haɗuwa ba. Makon jiya ma wasu sai sun gwada sau biyu, muka ɗora wa intanet laifi. Wayar Hajiya daidai take. Saura sabarmu da ke Frankfurt, kuma abin da nake buƙata bai wuce in shiga in rubuta umarnin duba lokaci na date ba, haruffa huɗu.

Sai dai tun makonni biyar da suka wuce Oga ya karɓe makullin SSH, hanyar da muke shiga sabar daga nesa, daga hannun kowa, ya bar wa kansa. Na kira shi yana Abuja.

"Oga barka da asuba, don Allah a buɗe min na minti biyu, agogo kawai zan duba."

"Ka cike fom, in na fito taro zan gani."

"Ranka ya daɗe, agogo fa."

Ya yi 'yar dariyar nan tasa. "Wanda ya shiga ɗaki duba agogo ai yana ganin akwati."

Na yi shiru. Shekara shida ina aikin nan, ni na ɗora rabin abin da ke cikin akwatin.

Ina shan shayin da ya riga ya huce sai na tuna ba sai an shiga ɗaki ake jin ƙarar agogo ba. Duk amsar da sabar yanar gizo ta mayar maka, akwai layi a samanta mai ɗauke da kwanan wata da lokaci a ma'aunin GMT, kowa na iya karantawa. Tamu kuma ba wata sabar a gabanta da za ta amsa a madadinta. Na buga curl, umarnin da ke jawo amsar sabar, ta ce 08:15:43. Kwamfutata na nuna 09:16:51. Awa ɗayan ba matsala ba ce, dama mu nan muna gaban GMT da awa guda, rani da damina. Ragowar ce maganar: daƙiƙa 68 take a baya. Na maimaita sau uku, haka dai.

Dalilin ma bai ɓuya ba. Ranar da aka ɗaure katangar tsaro, mai tace abin da ke shiga da fita sabar, an toshe har ƙofa ta 123, wadda ta nan sabar ke tambayar lokaci ta hanyar NTP. Tun daga ranar take tafiya da ƙiyasinta, kullum tana zubar da wajen daƙiƙa biyu, ba wanda ya lura.

Na tura masa hoton allon cike da jin daɗi, har da bayani. Minti ɗaya sai ga amsa: "Ta ina ka shiga?"

Wannan ne ya tsaya min a wuya har yanzu. Ba sannu, ba madalla. Na rubuta amsa mai tsawo na goge, na sake rubutawa na goge, daga ƙarshe na ce ban shiga ba, daga bakin ƙofa na karanta. Tsaron nasa ba na ƙi ba ne, da ni ne a kujerarsa wataƙila in yi fiye da haka. Amma tambayar farko da ta zo masa ke nan game da ni.

Bayan azahar ya buɗe ƙofa ta 123 ɗin, agogo ya daidaita, Hajiya ta shiga. Ta aiko min da kilishi.

Cunkoso a Ahmadu Bello Way. Ba wuta a gida. Auta ya ɓatar da takalminsa ƙafa ɗaya a Islamiyya.

Ina kwance idona ya faɗa kan agogon bangon falo, yana gaba da minti goma. Maman yara ce ta tura shi da gangan saboda makaranta. Na miƙe zan gyara ta ce kar in kuskura in taɓa mata shi.