Godiya ga duk wanda ya tsaya wa yaran nan har wasanninsu suka hau dandamali

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, an gama lafiya. An kwashe benci, an share harabar makarantar da aka ba mu aro, an mayar wa kowa kayansa. Muryoyin yara sun dushe, jikin kowa ya yi laushi, amma bai dace a kwanta hutu ba a yi godiya ba. Kun bi mu tun ranar da aka yi shelar neman sababbin marubuta a nan Zariya. Wasannin kwaikwayo uku sababbi fil sun hau dandamali, kuma a cikin waɗanda suka rubuta su babu wanda ya taɓa jin rubutunsa a bakin wani kafin bana.

Abin da har yanzu gabanmu ke faɗuwa in an tuna shi ne dare na biyu, a tsakiyar wasan rabon gado, wasan ƙaramarsu.

Janareton da aka ba mu aro an rubuta masa 3.5 kVA a jiki, wanda a aikace wajen wat 2,800 yake iya ɗauka. Fitilun halojin huɗu, kowace wat 500, sun cinye 2,000. Amfilifaya da lasifika biyu da ƙwan fitilar bayan fage sun ɗauki wajen 500. Abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. To, a bayan zana babbar rigar da za a sa a wasa na uku ta yamutse, wani cikin kyakkyawar niyya ya jona dutsen guga, shi kuwa dutsen guga shi kaɗai yana jan wat 1,000 ko fiye. Inji ya yi gurnani sau biyu ya mutu. Garin ja da sauri igiyar tayarwa ta tsinke.

Duhu ya rufe harabar, ga mata da ƙananan yara a kan tabarmi ta gefen hagu, ga ƙofar fita guda ɗaya tal. Duk wanda ya taɓa tara jama'a ya san abin da ake tsoro a nan: mutum ɗaya ya zabura, saura su bi shi, a yi turmutsutsu a bakin ƙofa. Mun ji an fara motsi, wani yaro ya fasa kuka. Sai ga muryar yarinyar da ke fitowa a matsayin matar mamaci ta taso cikin duhun, ta ci gaba da maganarta daga inda ta tsaya, ta ɗaga murya har benci na ƙarshe. Wanda ke yin ƙanin mijinta ya amsa mata a kan gaɓa. Waɗanda suka miƙe suka koma suka zauna. 'Yan sahun gaba suka kunna fitilun wayoyinsu suka haska dandamali, fitowar nan ta tafi har ƙarshenta babu wanda ya tsallake layi. 'Yar nan, Allah ya yi miki albarka, ya ba ki miji nagari, ya tsare ki kamar yadda kika tsare mutanen nan da muryarki.

Ana cikin haka sai ga Malam mai walda na bayan katanga, shi da yaron shagonsa, da nannaɗaɗɗiyar waya a kafaɗa. Ba wanda ya aika masa. Shirun injinmu ya ji daga shago. Ya jawo mana wuta daga babban injinsa na gas ta saman katanga, ya hana a haɗa da siririyar wayar da muka miƙa masa, ya ce da nauyin kayan wuta irin wannan za ta yi zafi ta narke, sai mai kaurin da masu aikin wuta ke kira 2.5. Ya naɗe kowane haɗi da salatif da hannunsa, ya ɗage wayar daga inda ƙafa ke bi. Cikin kamar kwata wuta ta dawo. Ya tsaya a gindin katangar har aka tashi, washegari aka kai masa kuɗin mai ya ƙi karɓa, ya ce 'ya'yan unguwa ne. Ya roƙe mu kada a ambace shi. Malam, ka yi haƙuri, mun ɓoye sunan amma ba za mu iya ɓoye aikin ba. Allah ya haskaka kabarin iyayenka, ya buɗa maka kasuwa, ya raba ka da asarar ido da ta hannu a sana'arka, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ga 'yan uwa masu shirin irin wannan taro: a lissafa wat ɗin kowane abu a takarda kafin a ɗauko inji, a bar aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa ba a taɓa ba. Duk soket ɗin da ba a amfani da shi a liƙe bakinsa. Guga a gama ta da rana. A ajiye igiyar tayarwa ta biyu da fulogi, a rataye fitila mai caji a bakin ƙofa da mutum tsaye kusa da ita. Sannan a horar da 'yan wasa ba da makirufo ba. Duk gwajin da aka yi, akwai wanda ke zama a nesa daidai benci na ƙarshe, in bai ji kalma ba ya ɗaga hannu a maimaita layin. Yara sun ƙosa da wannan hannu, amma shi ya yi rana a daren nan.

Godiya ta biyu ta waɗanda ba a gani ba ce, masu zaman karatu. Sabon wasa ba ya tashi daga takarda ya faɗa dandamali. Da farko ana zama a zagaye, a raba wa mutane fitowa su karanta da ƙarfi, marubucin kuma ya zauna da biro, ba ya karatu, ba ya bayani, ba ya kare kansa. Inda mai karatu ya yi tuntuɓe ya sa alama, inda masu sauraro suka fara duba waya ya sa alama. Shafi ɗaya na zance yakan ci minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wasan gadon nan ya zo mana da shafi 52 da mutum 17, ya hau dandamali da shafi 26 da mutum 7. Ba mugunta ba ce. Kowane suna a takarda mutum ne mai bukatar kuɗin mota da sutura, wanda in bai zo gwaji ba fitowarsa duka ta tsaya.

Cutar sababbin marubuta kusan iri ɗaya ce, kuma daga kallon fim ta samo asali. Za ka ga gida, sai tasha, sai asibiti, sai kotu, duk a cikin shafi uku. Kyamara na iya wannan tsalle, dandamali ba ya iyawa, don kowane canjin wuri ɗauke kujera ne da shigo da gado, 'yan kallo kuma na hucewa. Sai gaisuwa da ake rubutawa cikakkiya tun daga kwana har gajiya har iyali a kowace shigowa. Sai babban abu ya faru a waje, wani ya shigo yana ba da labarinsa. Mafi wuyar cirewa ita ce doguwar nasihar da dattijo ke yi a ƙarshe. Marubuciyar wasan gadon ta yi hawaye ranar da aka nuna mata cewa shafi huɗun nan na Liman ba su ƙara komai ba, tunda 'yan kallo sun riga sun ga zaluncin da idonsu. Ta tafi da shi gida, ta dawo ta cire da kanta, ta bar masa jimla biyu.

Inda fitowa ta ƙi tafiya, ana ajiye takarda, 'yan wasa su yi ta da bakinsu, marubucin ya ɗauka a waya, ya je ya tsinci abin da ya yi rai ya sake rubutawa. Wannan hanya ba mu muka ƙago ta ba. Tun shekarun 1970 malamai irin su Michael Etherton da ɗalibansu a Jami'ar Ahmadu Bello suka fara gina wasa a haka, a ɗakin wasan nan na ginin ƙasa da ke Samaru, kuma suka riƙa fita da shi ƙauyuka irin su Bomo da Maska, su saurari damuwar manoma su mayar da ita wasa. Abin da muka riƙe da ƙarfi shi ne babu babba da zai ɗauki biro ya gyara wa yaro rubutu. Ka tambaye shi, ka nuna masa inda ya yi rauni, ka bar shi ya nemo mafita. In ka rubuta masa, wasan zai yi santsi, amma ya zama naka, shi kuma baɗi bai iya komai ba. Kwana goma kafin hawa dandamali aka rufe rubutu, ba ƙari ba ragi, domin ɗan wasan da ake canza wa layi a makon ƙarshe tsohon da sabon duka suke kuɓuce masa. Masu ba da umarni kan ce kowane minti ɗaya a dandamali yana bukatar wajen awa ɗaya ta gwaji, kuma wannan lissafi bai yi ƙarya ba.

Saboda haka Hajiya da ta buɗe mana zaurenta kowace La'asar har zuwa Magariba ba ta karɓi ko sisi ba, ita ce ta ba mu waɗannan awoyi. Hajiya, Allah ya gina miki gida a Aljanna. Baba, tsohon ɗan wasan rediyo, da yake hawo acaba da sandarsa ya zo ya zauna yana gyara wa yara numfashi da inda ake tsayawa a magana, ya kuma hana su cusa karin magana inda ba ta da gurbi: Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kafintanmu ya ɗaure dandamali mai tsayin ƙafa biyu, ya shimfiɗa tsohon kafet a kai don kada ƙarar katako ta danne zance. Tela ya ɗinka kaya bakwai daga tsofaffin zannuwa, ya sa igiya maimakon maɓalli don a canza cikin minti ɗaya. Baba mai gadi yana yayyafa wa filin ruwa rabin awa kafin a buɗe ƙofa saboda ƙurar hunturu, Inna mai kunu kuma ba ta taɓa fashin tukunyar citta da kanumfari don maƙogwaron yara ba. Mai unguwa ya ba da izini, ya zo da kansa, ya turo 'yan sintiri. Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri, ya biya muku bukatunku na fili da na ɓoye, ya shirya muku zuri'a, ya sa ku ga abin alfahari a 'ya'yanku fiye da wanda kuka taya iyayen wasu gani.

Iyayen da suka amince suka bar 'ya'yansu, musamman mata, mun san maganganun da kuka sha. Mun gode da amanar, kuma kun ga kowace yarinya an raka ta har ƙofar gida. An keɓe benci biyu a gaba don dangin marubuta. Ɗaya ya cika. Ɗayan, baffanni da gwaggonni da yayyen da aka bi gida gida aka kai wa kati, har aka tashi ba mu ga kowa ba, kuma mun lura da mai wasa na uku yana leƙowa ta jikin zana yana duba wajen. Wataƙila uzuri ne, Allah ya sa lafiya. Muna dai tuna wa mai ganin abin a matsayin shashanci cewa Malam Aminu Kano ya rubuta wasannin kwaikwayo tun yana saurayi, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya yi tashe ko ya ba 'yan tashe sadaka a watan azumi. An ɗauki wasannin a bidiyo, za a kai wa kowane gida.

Abin da aka samu a ƙofa, bayan an cire kuɗin mai da gyaran igiyar inji, an raba shi tsakanin marubuta da 'yan wasa a gaban kowa. Kowane marubuci an ba shi wasansa a buge da sunansa a kai, da takardar da ta tabbatar cewa mallakarsa ne. Makarantu da ƙungiyoyin da suka fara tambaya ko za su iya yin wasannin, muna murna, amma izini a hannun masu rubutun yake, mu sai dai mu haɗa ku. A ɗan ba su mako biyu su huta, biyu daga cikinsu jarrabawa ke gabansu.

Allah ya ba su sa'a, ya albarkaci alƙalaminsu, ya tsare su daga girman kai da karayar zuciya. Waɗanda suka zo daga Kaduna da Funtuwa da Kano, mun ji kowa ya sauka lafiya, Allah ya huta gajiya. Wanda muka manta ba mu ambata ba ya yafe mana, Allah bai manta da shi ba. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin summa amin.

Wassalamu alaikum.
Daga masu kula da shirin.