Hutun tsakiyar kaka: Raleigh zan sayar ko Schwarber?

Jama'a barkanmu da hutu. Yau Laraba, 16 ga Yuli, 2025, jiya aka buga wasan taurarin babban lig ɗin besbol na Amurka a Atlanta, kuma ba za a koma fagen besbol ba sai Juma'a. Kwana huɗun nan su ne kaɗai lokacin da nake samun barci mai daɗi tun watan Maris, domin wasan da aka fara ƙarfe bakwai na yamma a New York sha biyun dare ne a wurinmu, na Seattle kuwa sai wajen uku. Na saba duba sakamako bayan sallar Asuba. Wannan ce kakata ta biyu a wasan fantasi, wato inda kowa ke haɗa ƙungiyarsa da 'yan wasa na ainihi, ana ba shi maki bisa abin da suka yi a fili, lig ɗinmu na mutum goma sha biyu, tsarin roto, inda matsayinka a kowane fanni shi ke ba ka maki, ana kuma auna masu bugu da abu biyar: ron (makin da ake ci in an zagaye bes huɗu), hom ron (buga ƙwallo ta tsallake shinge), RBI (ron da bugunka ya jawo), satar bes (rugawa zuwa bes na gaba ba tare da an buga ƙwallo ba), da matsakaicin bugu (kason tsayuwar da mutum ya yi nasarar bugu). Ina na biyar.

Abin da na fara gyarawa a kaina shi ne kalmar "tsakiya". Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka, kuma yawancinsu sun riga sun buga 95 ko fiye. Saura wajen 65 ke nan. Duk wanda ka saya yau, abin da ya tara tun Afrilu ya tafi da shi ga tsohon mai shi, kai ragowar kawai za ka ci. Na san wannan a baki tun bara, amma sai da na sha wuya ya shiga kaina.

Bara sau biyu na faɗa rami. A ƙarshen Afrilu matsakaicin bugun Aaron Judge yana kan .207, na tsorata na ba da shi a kan majefa biyu, wato masu jefa ƙwallo. A watan Mayu kaɗai ya buga hom ron 14, ya ƙare kaka da 58 da RBI 144. Wanda ya karɓe shi har yau in mun yi magana sai ya ce yana gaishe ni da kyauta. Da hutu ya zo sai na ce bari in rama, na zuba 'yan wasa masu kyau na sayi Gunnar Henderson na Baltimore, wanda ke da hom ron 28 a lokacin. Tara ya ƙara har kaka ta ƙare. Ba wai ya lalace ba ne, yaro ne mai kyau, ni ne na biya kuɗin wata uku da rabi da suka wuce.

To bana ga Cal Raleigh na Seattle a hannuna. Na ɗauke shi a zagayen tsakiya ba tare da wani dogon tunani ba, yanzu yana da hom ron 38, ɗaya kacal ya rage ya kamo 39 da Barry Bonds ya buga kafin hutu a 2001. Mafi yawan da ya taɓa yi a kaka guda shi ne 34, bara. Shekaranjiya kuma ya lashe gasar hom ron, saƙonni suka yi ta shigowa, kowa yana tayi. Hankali yana cewa in sayar tun kasuwa na ci, tunda mai cafke ne, wanda ke tsugunne bayan mai bugu yana cafke jifan majefi, aikin tsugunno a zafin Agusta yana cin ƙafafu, kuma filin Seattle ba ya taimakon masu bugu. Na yarda ba lalle ya ci gaba da wannan gudun ba.

Amma sai na buɗe jerin masu cafke da ba su da mai su a lig ɗinmu, na duba wanda zan saka a gurbinsa. Gaskiya babu na ɗauka. Ko Raleigh ya ragu da rabi, zai fi duk wanda ke wurin nesa ba kusa ba. A nan na gane cewa darajar mai bugu tana tafiya da gurbin da yake tsayawa. Mai tsaron can ƙarshen fili mai hom ron 25 ana samun makamancinsa a kasuwa, mai cafke irin wannan babu. Don haka Raleigh yana nan.

Wanda na sa a kasuwa shi ne Kyle Schwarber na Philadelphia. Yana da hom ron 30, kuma jiya da wasa ya tashi 6 da 6 shi ya buga hom ron uku a bugun raba gardama, aka ba shi gwarzon wasa. Sunansa yana bakin kowa, lokacin sayarwa ke nan. Dalilina yana cikin teburin lig: a hom ron ina na biyu, na uku yana can baya, na ɗaya kuma ya yi mini nisa. Ƙarin goma ba zai ɗaga ni ko maki ɗaya ba. A satar bes kuwa ina na tara, kuma mu huɗu ne muka cunkushe wuri guda, tazarar ba ta kai goma ba. Na aika tayi ga mai Elly De La Cruz na Cincinnati, wanda ya saci bes 67 bara. Na san yana yawan dukan iska, sau 218 aka fitar da shi haka a 2024, fiye da kowa. Na ɗauki wannan.

Satar bes tana da wani hali da ya kamata mu masu koyo mu lura da shi: rabinta niyya ce. Tun da aka faɗaɗa bes daga inci 15 zuwa 18 a 2023, aka kuma taƙaita yawan jifan da majefi zai yi don tsare mai gudu, wanda ya ga dama yana iya ƙara gudu. Shohei Ohtani yana da sata 23 a hutun bara, ya ƙare da 59. Wato 36 ya ƙara a ɗan guntun da ya rage, tare da hom ron 54 a jimla. Ba ƙafafunsa ne suka canza a Yuli ba, ya dai ƙudura ne.

Matsakaicin bugu kam na haƙura da shi. Na zauna da biro na yi lissafi: ƙungiyata za ta ƙare da tsayuwar bugu wajen 6,500. In na kawo irin su Luis Arraez, ya yi mini .310 a tsayuwa 250 a gurbin mai .250, ƙarin bugu 15 ne kawai. Hakan zai ɗaga ni daga .250 zuwa .252, ga shi hom ron huɗu kacal ya buga duk bara. Wanda ke ƙasa a wannan fanni a Yuli, ya nemi maki a wani wuri.

Wani abokinmu a lig ya yi abin da na kasa yi da Judge. Juan Soto ya fara kakarsa ta farko a Mets da sanyi, mutane na ta gunaguni kan kwantiragin dala miliyan 765, abokin namu kuwa ya ƙi sayarwa. A Yuni Soto ya buga hom ron 11, aka ba shi gwarzon wata. Na taya abokin namu murna, ko da yake raina ya ɗan sosu.

Saura abu ɗaya da nake sa wa ido: 31 ga Yuli ake rufe cinikin 'yan wasa na ainihi, kuma mai bugu da ya koma ƙungiya mai ƙarfi RBI ɗinsa na iya tashi ba tare da ya canza komai ba. Mai De La Cruz bai amsa ba tukuna. In ya ƙi zuwa daren Alhamis, zan ƙara masa majefi ɗaya.