Abin da na koya a sashen gwajin na'ura

A makon nan na ajiye aiki a sashen gwajin ƙirƙirarriyar basira. Waɗanda muka yi zama tare sun san dalili, ko da ba su furta ba.

Da makin manhajarmu ya yi tashin gwauron zabi a jarrabawar lissafi, ni aka ba duba sakamakon. Na sauya alƙaluman tambayoyin, na bar sigarsu yadda take, sai ga na'ura tana maido da tsohuwar amsa. Ashe tambayoyin sun shiga cikin rubutun da aka horar da ita da shi, haddace su ta yi. Na rubuta rahoto na kai wa oga. Bai musa ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Ya ce masu zuba jari lamba suke son gani. Daga nan aka daina kirana taro, aka miƙa aikin ga wani, aka fitar da makin yadda yake.

Ba a kan na'ura aka fara wannan dogaro da lamba ba. A 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka tsara gwajinsu na auna basira a Faransa don gano ɗaliban da ke buƙatar ƙarin taimako, Binet kuwa bai taɓa yarda cewa basira abu ce daskararriya ba. Da gwajin ya isa Amurka, Lewis Terman ya sake fasalinsa a 1916, aka koma jera mutane da lamba ɗaya. Daga baya James Flynn ya nuna cewa makin irin wannan gwaji ya riƙa ƙaruwa da kusan uku duk shekara goma a ƙarni na 20. Shin kakanninmu daƙiƙai ne? A'a, makaranta da sabo da salon tambayoyi suna da hannu a ciki.

Wata kwamfuta mai suna Deep Blue ta doke zakaran duniya na lokacin, Garry Kasparov, a wasan ces a 1997, amma ba ta iya komai bayan wannan wasa. Tun daga nan ya kamata mu riƙa tambaya: me takamaimai aka auna?

Sauran darussan gajeru ne. Ka karanta amsoshin da idonka, kada ka tsaya ga jimilla. Duk abin da ka gano, ka rubuta shi da kwanan wata. Kai kuma da za ka gaje ni, ka tanadi tambayoyin da ba su taɓa hawa intanet ba, kada ka nuna wa kowa, har shi oga.