Kuɗin da ka karɓa kafin kaya su iso bashi ne

Ƙannena masu zana sabon kaya a kwamfuta kuna mafarkin ganinsa a shagunan kasuwar Alaba da ke Legas, ku matso ku ji yadda fitila ta kusa korata daga Agege.

A farkon 2023 na zana wata fitilar caji da ake maƙalawa a gefen tebur, mai kafar cajin waya guda biyu. Don masu shayi da masu tsire na yi ta, da 'yan tumatir na Mile 12 da ke fara sauke kaya tun kafin asuba. Na so in nemi kuɗi a Kickstarter, shafin intanet da jama'a ke haɗa wa mai sabon kaya kuɗi tun kafin ya ƙera, sai na tarar ba sa karɓar aikin wanda kamfaninsa da asusun bankinsa ke Najeriya. Na ce ba komai, mu da muka san adashi tun kafin intanet. Na buɗe zaure a WhatsApp, na saka bidiyon samfur, na ce duk wanda ya biya yanzu zai samu da rahusa cikin wata uku. Mutum ɗari biyu da 'yan kai suka biya. Yawancinsu na san su ido da ido: 'yan masallacinmu, abokan yayana, har da matar kawuna da ta ba ni daga kwasar adashinta.

Samfur ɗaya tal nake da shi, kuma a ɗakina kaɗai na gwada shi, ƙarƙashin fanka. Sai da na tura wa wata masana'anta a Shenzhen ta ƙasar Sin kuɗin mazubin da za a ƙera jikin fitilar da shi, sannan na kai wa wani dattijo mai tsire a bakin titinmu. Ya kunna, ya haska naman, ya kashe.

"Ɗana, wannan farin hasken naka ai zai sa namana ya yi kama da na jiya."

"Baba, ai ya fi haske."

"Ba haske nake sayarwa ba."

Shi ya sa yake rataya ƙwan nan mai ruwan ɗorawa, wanda ke fito da jan nama da ƙyallin mai. Ban taɓa lura ba, alhali shekara da shekaru ina sayen tsire a wurinsa. Duk da haka ya riƙe fitilar kwana uku. Da na koma, maƙalin roba ya yi laushi saboda zafin tukuba, kafar cajin kuma, da na sa ta tana kallon sama, ta cika da yaji da maiƙo.

Launin haske abu ne mai sauƙi, ƙwai za a canza. Maƙali da kafar caji kuwa suna cikin mazubi, wato dunƙulen ƙarfen da aka sassaƙa siffar kayan a ciki, ake ɗura narkakkiyar roba. Rage ƙarfe a mazubi ba wuya, mayar da wanda aka riga aka sassaƙe shi ne tashin hankali, ga kuɗi ga ɓata lokaci. Don haka kada ka biya ko kwabo na mazubi sai ka haɗa samfur kamar goma, ko da munana ne, ko da masu gyara a kasuwar Computer Village ne suka yi maka haɗin wayoyin, ka raba wa masu sana'ar su wahalar da su mako biyu. Ka koma ka ji zagi. Zagin ya fi gyaran mazubi araha.

Abin da ya karya ni da gaske kuwa canji ne. Masana'anta ta karɓi kashi 30 kafin alƙalami, saura kashi 70 sai kaya sun kammala. Ni kuma na bar ragowar kuɗin jama'a a naira, a banki, ina jin na yi amana. Lokacin da na karɓa, dala tana wajen naira 750 a wurin 'yan canji. A watan Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Gyaran mazubi ya yi ta jan ƙafa har muka faɗa hutun sabuwar shekarar Sin, wadda ta kama 10 ga Fabrairun 2024, lokacin da masana'antu ke rufewa na makonni. Ranar da na je biyan ciko, dala ta haura 1,500. A naira na yi alkawari, a dala ake bina. In kayanka daga waje za su zo, ranar da kuɗin mutane suka shigo hannunka ka mayar da kason masana'anta zuwa kuɗin da za ka biya da shi, kuma wata ukun da kake shirin faɗa ka ce shida.

Tashar Apapa ba zan daɗe a kanta ba. Ka buɗe Form M, wato takardar shigo da kaya da ake cikewa ta banki, ka nemi takardar SONCAP ta shaidar ingancin kaya tun kaya ba su hau jirgi ba, ka kuma sani batirin lithium yana da nasa sharuɗɗan dako. Ni ejan ɗina mai fito da kaya ne ya koya mini, bayan kuɗin kwanan kaya a tasha ya fara hawa.

Da abin ya cakuɗe sai na yi gum. Na daina magana a zauren, na koma sallar Juma'a a wata unguwa. Wata rana matar kawuna ta aiko a kira ni. Na durƙusa na gaishe ta, na fara kame-kame.

"Ɗan nan, na tambaye ka kuɗi? Mutane ke tsayar da ni a hanya, ni kuma ban san abin da zan ce musu ba."

"Ki yi haƙuri, Inna."

Tun daga ranar, kowace Juma'a nake rubuta inda aka kwana, da hoto, ko da labarin ba daɗi. Wasu sun ce a mayar musu da kuɗinsu, na sayar da babur ɗina na biya su. Sauran suka jira, har fitilun suka iso bayan fiye da shekara. Ta farko Baba mai tsire na kai wa. Tana nan a teburinsa, amma ya ƙi yarda da sabon maƙalin, da robar tayar keke ya ɗaure ta.